Zakaran da Aka Karya wa Ƙafa Saboda Ni

Abubuwa da yawa sun fara zubewa daga kaina yanzu. Sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Ranar Lahadin da ta wuce sau biyu na gaisa da surukina a ƙofar coci, har da tambayarsa yaushe ya shigo gari. Amma akwai abu ɗaya da ko ƙwaƙwalwar ta gama tsiyayewa ba zai bi ta ba: watannin da na yi kwance a Nasarawa ta Kaduna, ni da wani jan zakara, kowannenmu da ɗaurarriyar ƙafar hagu. Wannan kam ba zan manta da shi ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, lokacin da kaya suka yi wuya, ana bin layi a sayi sabulu da madara, kamfanoni kuma suna ta rage ma'aikata. Ni lebura ne a wata masaƙa can wajen Kakuri, aikina lodin dilolin atamfa a kan manyan motoci. Karatu ban yi nisa ba. Aji uku na tsaya a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaron makaranta na yi shi. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake tafiya. Ƙarfi dai Allah ya ba ni, ya kuma ba ni baki. Abin da ban roƙa ba na je na samo wa kaina shi ne burkutu.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan burkutu ya san al'adar ɗanɗano. Kafin ka saya, mai gida za ta ɗebo maka kaɗan a ƙaramin ƙoƙo, kyauta, ka ji ko ya yi maka. Mutanen kirki sukan ɗanɗana a gida ɗaya su nemi benci su zauna. Ni kuwa sai in kurɓa, in lumshe ido, in juya shi a baki kamar alƙali yana nazarin shari'a, in ce, “Mama, yau kamar wuta ta yi masa yawa,” in miƙa ƙoƙo in wuce gida na gaba. Haka zan bi layi daga Nasarawa, ranar Asabar har Sabon Tasha nake dangana. Kafin in zauna shan gaske, na riga na fara gaida turakun wutar lantarki ina tambayarsu iyali. Matan suka sa mini Sarkin Ɗanɗano, ni kuma don rashin kunya nake amsawa da ɗaga hannu.

Ina faɗa ana dariya yanzu, amma a gidana ba wanda yake dariya a lokacin. Matata tana soya ƙosai a bakin titi, da shi take riƙe da mu da yara uku. Ta yi magana, ta yi kuka, ta kawo matan zumunta na coci sun cika ɗakinmu da waƙa da addu'a, ta kawo fasto. Ranar da fasto ya zo na ɗora hannu a kan Littafi na yi alkawarin na bari. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na fita da yamma na je na yi murnar alkawarin da ƙwarya biyu.

Wata Litinin da safe na je aiki da sauran na jiya a kaina. Ina can saman mota ina jera kaya, na ɗaga ƙafa na taka wurin da babu komai. Na sauko ƙasa, dila ɗaya ta biyo ni don ta yi mini rakiya, ta sauka a kan ƙwaurina na hagu. Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen itace a gwiwa. Ba laifin kowa ba ne, ba igiya ce ta tsinke ba, ba wani ne ya ture ni ba. Ni ne na ga mota ta yi faɗi fiye da yadda take.

An kai ni asibiti, aka duba, likita ya ce ƙashi ya karye, gobe za a gyara a sa siminti. Bai ce komai game da yankewa ba, wannan in faɗi gaskiya. Wani tsoho ne a gadon da ke kusa da nawa ya leƙo ya ce, “Kai, irin taka ce sak ta wani da ya kwanta a nan. Yanzu ƙafa ɗaya yake saya wa takalmi.” Shi ke nan na tada hankalin kowa, na ce a mayar da ni gida a kira mai ɗori. Ba shawara nake ba kowa ba. Yau jikana ko targaɗe ya yi asibiti nake cewa a kai shi. Abin da ya faru da ni nake faɗa.

Mai ɗorin wani dattijo ne Musulmi, siriri, mai farin gemu, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Kowa Baba yake ce masa. Ya zo gidan hayarmu da 'yar jakarsa ta fata, ya tarar an shimfiɗa ni a baranda, ya duba ƙafar. Sai ya juya ga matata ya ce ta je ta sayo zakara mai lafiya. Na ɗauka farfesu za a yi wa majinyaci, har na fara jin sauƙi. Ashe a gidansu haka ake ɗori: kafin a taɓa mutum, sai a karya ƙafar zakara, wadda ta yi daidai da ta mai karaya, a ɗaure su rana ɗaya, a yi jinyarsu tare. Ina kallo ya yi bisimilla ya riƙe ƙafar hagun jan zakaran nan, ƙas! Ya shafa mata man kaɗe, ya jera 'yan karare, ya naɗe da tsumma. Sannan ya zo kaina ya yi mini irin wannan, da manyan karare. Na yi ihu, amma da yake akwai sauran maye a jinina, abin ya zo mini kamar daga nesa.

Da ya gama ya wanke hannu ya ce, “Ɗana, ka ji da kyau. Wannan zakara abokin jinyarka ne. Abin da ka ci shi zai ci, daga kwanonka, da hannunka. Ranar da ka ga ya taka ƙafar nan, to taka ma tana hanya.” Ya ɗauki jaka, sai kuma ya tsaya ya ja hanci. “Abin nan da nake jin warinsa a guminka, ku rabu. Ƙashi ba ya kamawa da shi.”

Na ce, “Baba, ai kunu ne kawai da ya ɗan kwana.”

Ya ce, “To ya ci gaba da kwana, amma ba a cikinka ba.”

Kwana goma na yi ban sha ba, ba don hali ba, don ba ƙafar zuwa. Abinci ba ya shiga, kowa ya wuce sai na neme shi da faɗa. Ni da zakara muna baranda, shi a cikin kwando ni a kan tabarma, muna harar juna. A rana ta goma sha ɗaya abokin aikina, wanda kuma shi ne abokin yawon ɗanɗanona, ya zo gaishe ni da hantsi, lokacin da ya san matata tana wajen suya. Ya zo da fulas ɗin shayi a hammata. Ya zauna ya ce, “Sarki, talakawanka suna gaisuwa.” Ya buɗe murfin. Ko kafin warin ya iso hancina na riga na yafe wa kaina.

To a nan ne na yi tunanin da har yau in na tuna sai in riƙe kai. Bayan na sha, sai tsoro ya kama ni. Baba ya ce abin da na ci zakara zai ci. Ga shi na sha, zakara bai sha ba. Ke nan mun rabu, ɗori ya ɓaci. Na ce wa abokina, “Kai, akwai matsala. Dole a daidaita mu.” Shi ma da yake kansa irin nawa ne, ya gyaɗa kai ya ce wallahi gaskiya ne, dokar manya ba a wasa da ita. Na gutsuro sauran tuwon safe, na jiƙa shi da burkutu, na miƙa cikin kwando. Zakara ya karkata kai ya kalle ni da ido ɗaya, ya caka, ya tsaya, ya sake caka. Sai ya cinye tas. Wato na karya doka ɗaya, na kuma kiyaye ɗayar da iyakar gaskiyata. Har wani daɗi na ji a raina, irin na mutum mai biyayya.

Kwana huɗu muna haka. Fulas ya zo da hantsi, in ɓoye shi a bayan matashi, in tauna citta kafin matata ta dawo. A rana ta huɗu abokina ya kawo mai ƙarfi, ya ajiye ya wuce aiki. Na sha nawa, na ba abokin jinya nasa, wataƙila hannuna ya yi nauyi wajen zubawa. Can da azahar sai na ji fuka-fuki suna bugawa. Zakara ya yi tsalle ya fito daga kwando, ya tsaya a kan ƙafa biyu a bakin baranda, ya miƙe wuya ya yi cara da tsakar rana. Wata kazar maƙwabta tana wucewa, ya sauke fiffike ɗaya ya nufe ta yana tangaɗi.

Ni kuwa me na gani? Zakara ya taka! Na ce Allah na gode, kwana goma sha huɗu kacal, lallai jinina mai kyau ne. Na dafa bango na miƙe. Na ɗora nauyina duka a kan ƙafar hagu. Abin da na tuna shi ne mun faɗi kusan tare, shi daga bakin baranda zuwa cikin kwata, ni kuma a kan turmin maƙwabciya. Wannan karon ihun da na yi ba daga nesa ya zo ba.

Aka kira matata daga wajen suya, aka aika a ɗauko Baba. Gida ya cika. Da Baba ya iso bai ko kalle ni ba, zakaran ya fara ɗauka. Ya ga kararen sun goce, ƙafar tana lilo. Ya buɗe masa baki ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, “Ubana ya yi ɗori, kakana ya yi ɗori, ni ma gemuna a cikinsa ya yi fari. Ba a taɓa kawo mana zakara mashayi ba sai yau.” Mutane suka fashe da dariya. Matata ba ta yi ba. Ta sa hannu bayan matashi ta jawo fulas, kamar dama ta san inda yake.

Baba ya rataya jakarsa zai tafi. Matata ta durƙusa a gabansa, hannunta duk ƙullun wake, ta ce, “Baba, don Allah. Ba don shi ba, don yaran nan.” Ya dawo ya tsuguna ya kwance tsumman. Ƙafar ta kumbura, tafin ya juya waje yana kallon ɗakin maƙwabta. Ya bi ƙashin da yatsa ya ce, “Ya fara kamawa, ka raba shi, ya hau kan ɗan'uwansa. Sai an ja an sake jerawa. Na farko da giya a jikinka ka sha shi. Wannan da idonka biyu za ka sha, gobe da safe, in ta fita. Kuma ka ji ni: ƙashi ba ya yafewa sau uku. In ka sake, ba ni ba kai, ka je a yanke ta.” Ya nuna fulas. “Mai wannan abin ma a kira mini shi.”

Washegari da safe suka taru: Baba, abokina yana sunkuyar da kai, da wani bakanike ɗan Ibo da muke haya tare, ƙato, wanda aka roƙa ya riƙe ni. Tun ba a taɓa ni ba na fara roƙo. Na dubi Baba na ce, “Baba, ƙoƙo ɗaya tak. Don zafin. Daga shi na tuba har abada.”

Baba ya ci gaba da jera kararensa. Matata ce ta shiga ɗaki ta fito da fulas ɗin jiya, da sauran abin a ciki. Ta ajiye shi daidai hannuna na dama, ta kwance murfin da kanta.

Ta ce, “Ga shi, Maigida. Na gaji da rufa maka asiri, na gaji da kuka. In ka sha, Baba zai tafi, ƙafa ta tafi. Ni ba inda za ni. Zan ci gaba da kwashe maka fo har ranar da ɗayanmu ya mutu, don na yi alkawari a gaban Allah. Amma ka sani ba dila ce ta cire maka ƙafa ba.”

Ta koma gefe ta naɗe hannu. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Warin yana shiga hancina, yawu ya cika mini baki, yatsuna har sun taɓa jikin fulas ɗin.

Sai Baba ya ce, “Da zakara za a fara. Kai za ka riƙe shi, tunda kai ka ja masa.”

Ya ɗora mini shi a ƙirji. Dole na ɗauke hannu daga fulas na riƙe shi da hannu biyu. Ban taɓa sanin zuciyar zakara tana bugawa haka ba, da sauri-sauri, a cikin tafina, jikinsa zafi rau. Baba ya kama ƙafar ya ja. Zakaran bai yi kuka ba. Baki kawai ya buɗe, harshensa yana rawa, idonsa a kaina. Wannan halitta tana can kasuwa tana harkar gabanta, aka sayo ta aka karya mata ƙafa saboda ni. Ta haƙura ta kwanta, ƙashinta ya fara kamawa, na bi ta har kwando na ɗura mata abin da ba ta roƙa ba. Yanzu ga shi ana sake karya ta, saboda ni. Na ɗaga ido na ga matata tsaye, da ƙunar mai a hannayenta, da zanen da ta shekara uku tana ɗaurawa. Ban iya ci gaba da kallonta ba.

Na ce wa abokina, “Ɗauki abin nan ka zubar a kwata.”

Ya ɗauka, ya leƙa ciki, ya ce, “Duka?”

Bakanike ya daka masa tsawa yana haɗa Hausa da Turanci, “Zuba shi, mai fren, kafin na zuba kai!”

Ina jin ƙarar zubarsa har ya ƙare. Baba ya ce wa abokina, “To zo nan. Kai ka kawo daɗin, kai za ka riƙe kafaɗu.” Bakanike ya danne cinyata, matata ta cusa mini gefen zane a baki. Baba ya yi bisimilla ya kama diddigena.

Ina so in ce na daure kamar namiji, amma akwai shaidu da ransu. Na tofar da zanen. Na kira uwata da yarenmu, ita da ta shekara goma a kabari. Na fara waƙar coci na ɓata baitin. Na zagi Baba, na zagi ubansa, na haura har kakansa. Shi kuwa yana ja yana cewa, “Ci gaba, ɗana, kakana ya ji waɗanda suka fi wannan.” Na jiƙa tabarma, ba kuma da gumi kaɗai ba. Can na ji wani ƙuƙus a cikin ƙafar, Baba ya ce, “Alhamdu lillahi, ya zauna.” Abokina da ke riƙe da kafaɗuna yana kuka fiye da ni.

Na ɗauka wannan ne mai wuyar. Ashe mai wuyar yana gaba, kuma shi ba ya ƙarewa da safe ɗaya. Mako guda jikina yana neman abin nan kamar zai tsage. Amai, zazzaɓi, rawar hannu har ba na iya kai cokali baki. Na ga tururuwa suna tafiya a bangon da babu komai. Matata ta ɗauke kaskon suyarta daga bakin titi, inda masu zuwa aiki suke tsayawa, ta dawo da shi ƙofar gida inda za ta riƙa hango ni. Ciniki ya ragu, ba ta taɓa faɗa mini ba, a cikin miya na gane. Ana cikin haka takarda ta zo daga wurin aiki: an rage ma'aikata, sunana yana ciki. Da Turanci take, na sa aka karanta mini sau biyu ko zai canja.

Ranar na juya fuska ga bango na ce ni kam na ƙare. Matata ba ta lallashe ni ba. Ta kawo tire cike da wake ta ɗora mini a cinya ta ce, “Ƙafa ce ta karye, ba hannu ba. Tsince mini duwatsu.” Da farko waken ya fi zuba a ƙasa, abokin jinyata yana miƙo wuya daga kwando yana taya ni kwashewa. A hankali hannun ya fara jin magana. Ya zama duk lokacin da ƙishin abin ya taso, sai in ce a kawo wake. Na tsince na yau, na tsince na gobe, har na maƙwabta aka fara kawowa. Ina tsincewa ina yi wa zakara hira. Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Na faɗa masa abubuwan da ban taɓa faɗa wa fasto ba, kuma har ya mutu bai kai ni gaba ba.

Wata rana sai ga babbar mai burkutun unguwarmu ta shigo, wata ƙatuwar mace mai murya kamar ganga, da jarka a hannu. Matata ta miƙe tsaye da matsamin ƙosai. Matar ta ce, “Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, kunun zaƙi ne, ɗanɗana ki ji. Na zo ne in ga mutumin da ya lalata tarbiyyar zakara.” Ta zauna a kan turmi ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Sarki, an sauke ka. Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya har Sabon Tasha, na ce duk wadda ta miƙa maka ƙoƙo, ko ta ba wani ya kawo maka, ni da ita ne. Sana'ata ce, da ita na sa yarana a makaranta, ba na jin kunyarta. Amma ban hura wuta don in mayar da mutum gurgu ba.” Na ce, “Mama, ai ko sallama a bar ni in yi.” Ta ce, “Ka yi daga tsallaken titi, muna ji.”

Wajen wata guda bayan ɗori na biyu, da safe, ba hayaniya ba cara, zakara ya fito daga kwando. Ya ajiye ƙafar a hankali, ya ɗaga, ya sake ajiyewa. Ya yi taku uku yana ɗingishi ya je ya sha ruwa. Yara suka yi ta tsalle suna cewa in tashi. Na dube shi na ce, “Ranka ya daɗe, yi gaba abinka. Ni sai Baba ya ce.” Na kwanta wata biyu cur bayan wannan, ina kallonsa yana zagaya tsakar gida. A rayuwata ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kwanciyar nauyi ba.

Ranar da Baba ya kwance kararen, ƙafar ta fito siririya, fatar tana saɓa, kamar ba tawa ba. Ya matsa nan, ya matsa can, ya murɗa, yana kallon fuskata. Sai ya miƙo mini sandar gora ya ce, “Tashi.” Na ce, “Baba, ka tabbata?” Ya ce, “Da zakara ya ce ka tashi ba ka tambaye shi ba.” Na dafa sanda na miƙe. Duniya ta juya, na jira ta tsaya. Na ajiye ƙafar hagu. Ta yi zafi, ta yi rawa, amma ta riƙe ni. Na ja ta dama. Daga baranda zuwa ƙofar gida ba nisa, yaro da tsalle biyar ya kai, ni kuwa sai da na jiƙe sharkaf. Na tsaya a bayan matata tana suya, na ce, “Uwargida, a ba ni na ɗanɗano.” Ta waiwayo ta gan ni tsaye. Ta dube ni daga kai har ƙasa. Ta tsamo ƙosai ɗaya mai zafi ta miƙo mini, ta juya da sauri tana goge ido, wai hayaƙi ne. Matan gidan ne suka rangaɗa guɗa a madadinta.

A al'ada zakaran na mai ɗori ne in an warke, ya kai gida a yanka. Na roƙi Baba ya bar mini shi in sayo masa wani. Ya ce, “Riƙe abokinka. Ni ba na cin naman mashayi.” Ya zauna da mu har tsufa ya kashe shi, ko Kirsimeti ba wanda ya isa ya kalle shi da wuƙa. Ni kuma na samu gadi a wani kamfani a Kudenda, na yi shekaru ina buɗe ƙofa ina rufewa, ƙafar hagu ta ɗan gaza ta dama, amma tawa ce. Ba zan yi ƙarya in ce sha'awar ta mutu ranar ba. Ta bi ni shekaru, wani lokacin har yau takan leƙo. Sai dai ban sake kai shi baki ba.

Baba ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa, ya saka masa. Mai burkutun nan ma ta tafi. Matata tana nan, ga ta can tana faɗa da jikoki, kuma ta ce in rubuta cewa ita ba ta yi kuka ba ranar da na miƙe. Na rubuta.

Abin da na koya shi ne ba wanda yake shan abin nan shi kaɗai. Kullum ina cewa cikina ne, jikina ne, ina ruwan wani. Ashe duk ƙwaryar da na ɗaga akwai waɗanda aka ɗaure a gefena, suna karɓar rabonsu ba su roƙa ba, ana karya su tare da ni suna shiru. Mutane huɗu a ɗakina sun shekara da shekaru a haka ban gani ba, sai da aka ɗora mini tsuntsu a ƙirji. In kana da irin halina, kada ka jira a sayo maka zakara. Ka shiga gida yau ka dubi hannun wadda take zuba maka abinci.